Alayyafon da Aka Shuka Inda Malam Tanimu Ke Narka Dalma

Shekara tara ke nan da rasuwar abokina Malam Tanimu mai batir, na Unguwar Gabas a Sabon Gari. A farkon damina ya rasu. Duk shekara idan hadari ya fara haɗuwa nakan ce bana zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in ajiye. Ba abin faɗa na rasa ba. Akwai wata magana guda da na san idan na bar ta rubutun ya zama ƙarya, idan kuma na sa ta, ni zan fi kowa jin kunya. Bana dole ta kama ni, domin matarsa, Hajiya Balaraba, ta shuka alayyafo a daidai wurin da ya shafe shekaru yana narka dalma a bayan ɗakinsa, jikokinsa kuma suna cin ganyen, suna wasa a cikin ƙasar.

Sunana Bulus. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina aiki a ɗakin gwajin sinadarai na jami'a a Samaru, ina wanke kwalabe, ina auna wa ɗalibai ruwan da idan ya taɓa hannu sai ya ci fata. Ni ba farfesa ba ne, ko kusa. Amma tun a shekarata ta farko a aikin na san cewa dalma, ƙarfen nan mai nauyi da ke cikin batirin mota, guba ce, kuma idan ta shiga ƙasa ba ta ruɓewa.

Mota ce ta haɗa mu. Motata ta farko tsohuwa ce, ta fi son turi fiye da makulli, har ɗaliban da ke haya a layinmu suka riƙa canza hanya idan sun hango ni da safe. Wani direba ya ce in kai ta wurin Tanimu. Na same shi a wani ɗan shago da bai fi ɗakin girki ba, batura jere a kan katako suna caji. Bai buɗe bonet ba. Cewa ya yi in murɗa makulli, ya karkata kai yana sauraro kamar mai jin gulma ta katanga.

Ya ce, "Batirin nan bai mutu ba, ƙishirwa yake ji. Wane ruwa kake ba shi?"

Na ce na famfo.

Ya tambayi inda nake aiki, na gaya masa. Sai ya kira maƙwabcinsa mai faci, ya ce ya zo ya ga mutumin da ke kwana ya tashi cikin tataccen ruwa jarka-jarka, amma yake ɗura wa batirinsa ruwan famfo. Tun daga ranar ya laƙaba min Likitan Kwalabe, kuma har ya bar duniya ban ji ya kira ni da sunana ba sai idan zai gaya min an yi rasuwa.

Shi ruwan sama yake amfani da shi, amma da ƙa'ida. Ba ya tarar ruwan farko ko na biyu, wai suna wanke sama ne. Ba ya tarar wanda ya bi ta kan kwano. Sai an yi na uku yake jera robobi a tsakiyar gida, ya tace da farin ƙyalle, ya adana na shekara guda. Ranar Asabar da hantsi sai ya rataya jarka ya shiga tasha, yana bin motocin haya yana kwance murfin batir ba tare da an kira shi ba. Idan ruwa ya yi ƙasa ya ƙara, idan farin gari ya taru a kan batir ya wanke da ruwan zafi da kanwa, ya shafa giris, ya ja layi da alli a jikin batirin don ya san ya duba shi. Direbobi na yi masa tsiya, suna cewa ya fi su sanin motocinsu. Gaskiya suka faɗa.

Abin da yake koya wa mutane ba shi da yawa, amma bai gaji da maimaita shi ba. Kada ka ƙara wa batir ruwansa mai cin fata, wato asid, don ka ga ya ragu, domin ruwa ne ya tafi, ƙarfin yana nan. Batirin da ya mutu sau biyu a wata, ba shi za ka tuhuma ba, duba abin da ke caja shi. Kuma babu abin da ke kashe batir kamar zama. A kan wannan ta ƙarshe har Basawa yake zuwa a kan kekensa, gidajen sojojin da aka tura aiki nesa, ya cire wa matansu kan batir ko ya tayar musu da motar ta ɗan yi aiki, don kada maigida ya dawo ya tarar da gawa a gareji.

Wata ɗabi'arsa ce ta fara haɗa mu faɗa. Idan yana son sanin ƙarfin ruwan batir, tsinken tsintsiya yake tsomawa ya ɗana a harshe. Haƙoransa na gaba duk sun zaizaye. Na kawo masa ma'auni, wani dogon gilashi mai roba a kai da ake zuƙo ruwan da shi a ga ƙarfinsa. Wata guda cur yana gwada ma'aunin da harshensa, wai yana son ya ga ko gilashin ya iya aiki. Da ya ga ba su saɓa ba sai ya yarda, ya daina ɗanɗanawa. Na daɗe ina alfahari da wannan nasarar, ina ba da labarinta a wurin aiki. Ɗaya maganar, wadda ta fi ta girma, ita ce ban taɓa ba kowa labarinta ba.

A wancan zamani idan kan batir ya cinye ba a jefar da batirin. Sabon kai ake zuba masa. Tanimu yakan fasa matattun batura da gatari, ya tsiyaye ruwan a gindin katanga, ya ciro dalmar, ya narka ta a gwangwani a kan kurfoti, ya zuba a ƙarfen zubi. A shago masu sayar da yadi sun yi ƙorafin hayaƙi, don haka ya mayar da aikin gida, bayan ɗakinsa, ranar Lahadi da rana. Ni kuma idan na taso daga coci can nake wucewa. In zauna a benci, Hajiya ta aiko mana da dafaffiyar gyaɗa, shi yana juya gwangwani da hannu ɗaya yana ɓarar gyaɗa da ɗayan, muna gardamar siyasa. Abin da ya zube ya zube, tokar da ta rage a watsa ta nan gefe.

Sau ɗaya na yi magana. Na ce, "Malam, hayaƙin nan fa ba shi da kyau."

Ya ce, "Hayaƙin gawayi? A cikinsa aka haife mu."

Na ce na dalmar nake nufi.

Ya ce, "Likitan Kwalabe ke nan. Maigidana da ya koya min shekara arba'in yana wannan aikin, kuma da ƙafansa ya je Makka ya dawo."

Muka yi dariya, na miƙa hannu na ɗebi gyaɗa. Ban sake tayar da maganar ba, shekara goma sha wani abu.

Na sha tambayar kaina dalili, kuma amsar ba ta da daɗi. Na ji tsoron ya ɗauke ni ɗan boko da ya zo raina sana'ar da yake ciyar da iyalinsa da ita. Na gaya wa kaina cewa babba ne, ya ji, ya zaɓa. Amma can ƙasan zuciyata na san bai ji komai ba, domin ban faɗa yadda za a ji ba. Gaskiyar ita ce ina son zaman Lahadin nan, ba na son abin da zai ɓata shi.

Ciwon ya zo a hankali. Ciwon ciki da ba ya jin magani, sai saurin fushi ga mutumin da ba a san shi da fushi ba, sai hannun dama ya fara saki, sifana tana faɗuwa daga yatsunsa. Daga baya hawan jini, daga baya ƙoda. Ba zan rantse cewa dalma ce ta kashe shi ba, ni ba likita ba ne duk da sunan da ya sa min, kuma kwana idan ya ƙare ya ƙare. Amma na san alamun da na gani. Ranar jana'izarsa na tsaya gefe har aka idar da salla, na bi su maƙabarta, na dawo gida na kasa cin abinci. Shekarar farko ina leƙa iyalinsa a kai a kai. Daga nan sai da salla, daga nan sai aike. Suka ɗauka tsufa ne da nisa, alhali daga Samaru zuwa Sabon Gari ba wata tafiya ba ce.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga batura na yanzu. Yawancinsu a liƙe suke, babu murfin da za ka kwance, sai wani ɗan ido da ke nuna kore ko baƙi. Jarkarsa ta ruwan sama ba ta da sauran aiki a tasha. Ga kuma motocin nan masu haɗa fetur da lantarki, da ake kira haibirid, waɗanda ake danna maɓalli su tashi shiru kamar ba a taɓa su ba. Mutumin da kunnensa ne rabin sana'arsa, me zai saurara? Ina jin da ya yi mako guda yana mita, yana cewa motar da ba ta tari da safe ba a san lafiyarta ba. Bayan nan kuma na san sai ya nemi a buɗe masa ya ga cikinta.

Irin wannan motar ce ta mayar da ni gidansa. 'Yata Rahila tana da ita. Ta haihu, motar ta yi wata biyu a ajiye, ranar da ta zo fita kuwa ta ƙi tashi, fitilu suka cika gaban direba. Wani makanike ya duba ya ce babban batirin ne ya mutu, wanda jin farashinsa kaɗai ya isa ya kwantar da mai jego. Sai na tuna an ce min Safiya, autar Tanimu, ta karanta lantarki ta sake buɗe shagon mahaifinta. Na kira ta, ta zo a keke napep da 'yar jakarta. Ko kallon bonet ba ta yi ba. But ta buɗe, can baya wurin zuba kaya, ta ɗaga shimfiɗar, sai ga ɗan batirin dalma a lungu, irin wanda ubanta ya ƙare rayuwarsa a kansa, sai dai ƙarami.

Ta maƙala masa na'ura ta duba, ta ce, "Baba, babban lafiyarsa ƙalau. Wannan ƙaramin shi ke tashin kwamfutar motar, idan ya yi sanyi komai ba ya motsi. Zama ne ya cinye shi."

Na juya baya kamar ina duba taya, domin idona ya kawo ruwa. Ta nuna wa Rahila wani ɗan abu da ke manne a kan batirin, ta ce shi ke lura da cajin da ke shiga da wanda ke fita yana gaya wa motar, don haka kada ta bari kowa ya cire shi ko ya maƙala waya a kansa. Wato aikin da Tanimu ke yi da jarka da alli ranar Asabar, yanzu wani abu kamar akwatin ashana ke yin sa. Na lura da safar hannu take aiki, kuma ta ce ba ta fasa mataccen batir, a rufensa take miƙa shi ga masu tarawa. Da za ta tafi ta ce, "Mama tana ta cigiyarka."

Na je. Hajiya ta tarbe ni da faɗan da ya dace da ni, sannan ta ce in zo in ga wani abu. Ta kai ni bayan ɗakin. Wurin ya yi kore shar, alayyafo har gwiwa.

Ta ce, "Shekara biyu ina zuba taki kafin ƙasar nan ta yarda. Nan abokinka ke zama. Idan ina ban ruwa sai in ji kamar yana nan yana mita."

Jikarta Hanifa, 'yar shekara huɗu, tana gefe tana tuƙa tuwon ƙasa a murfin gwangwani. Ƙanenta, wanda aka mayar wa sunan marigayin ake kiransa Abba, yana rarrafe yana kai hannu baki. Na durƙusa kamar mai yaba shuka, na murza ƙasar da yatsa. Ban daɗe ba na ji wani ɗan dunƙule mai nauyi, toka-toka, bai kai ƙwayar dawa ba. Na san ko mene ne.

A nan na gane inda na tsaya. Hajiya ta san wurin amma ba ta san gubar ba. Safiya ta san gubar amma ba ta san wurin ba, domin kafin ta yi wayo hannun ubanta ya riga ya saki, ya daina zubi. Ni kaɗai na san duka biyun. Kuma ko da aka kawo min tuwo da miyar alayyafon, abin da na iya cewa shi ne yanzu na ci abinci. Hajiya ta ɗaure min dami guda in kai wa matata Saratu. Na karɓa har da godiya, na zo gida na jefa shi a rami.

Mako uku na yi ina juya maganar. Yaya zan gaya wa mace cewa wurin da take jin ɗumin mijinta shi ne wurin da ya fi haɗari a gidanta? Yaya zan ce mutumin da kowa a tasha ke yi wa addu'a ya bar wa jikokinsa guba? A cikin makonnin nan na auna abin da ya rage na Tanimu. Akwai hannun Safiya. Akwai tsofaffin direbobi da har gobe ba sa zuba wa batir ruwan rijiya. Akwai ɗabi'ar duba abu tun bai lalace ba, wadda na ga ta fi kowace na'ura. Akwai kuma abin da ke cikin ƙasar nan, wanda shi ma aikin hannunsa ne, sai dai shi bai sani ba. Mutumin da ke taka keke har Basawa don batirin wani kada ya mutu, da ya san abin da yake zubawa a inda jikokinsa za su yi rarrafe, da da farcensa zai kwashe ƙasar. Wanda ya sani yana kan benci yana cin gyaɗa.

Saratu ce ta gaji da ganina ina zagaye tsakar gida. Da na gaya mata, ba ta lallashe ni ba. Ta ce, "Wancan karon babba ne, ka ce ya zaɓa. Wannan mai rarrafen me ya zaɓa?"

Washegari da hantsi na koma. Na roƙi Safiya ta rufe shago ta zo. Na faɗi komai dalla-dalla: abin da dalma ke yi wa ƙananan yara, cewa ba ganyen kaɗai ba, ƙasar da ke hannunsu ta fi, cewa dole a cire shukar, a kwashe ƙasar sama, a yi wa wurin siminti, a kai yaran a auna jininsu. Safiya ta miƙe tun ban gama ba, ta sunkuci Abba, ta ja Hanifa zuwa bakin randa tana wanke musu hannu da sabulu.

Hajiya ba ta motsa ba. Can ta ce, "Malam Bulus, tun yana raye ka san wannan?"

Na ce na sani.

"Ka gaya masa?"

"Sau ɗaya, Hajiya. Cikin wasa."

"Da aka kwantar da shi, ka gaya wa likita?"

Na ce ban gaya ba.

Ta dubi alayyafon. Sannan ta ce, "Shi na san ba ya ji. Amma ni fa? Ni ke share wurin, ni ke wanke kayan aikinsa da hannuna, da goyo a bayana. Da ni ka gaya wa, wallahi da na hana shi, ko da za mu yi wata ba ma magana."

Wannan ban taɓa tunaninsa ba, ko sau ɗaya. A tarbiyyarmu, mu da su duka, aboki ba ya tsallake maigida ya kai wa matarsa maganar sana'arsa. Shekara da shekaru tana aiko min da gyaɗa, taku goma tsakanina da wadda za ta iya tsayar da abin, ni kuma ina ganin ladabi nake yi. Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya san gidan da aka taɓa fasa batir ko narka dalma, a Sabon Gari ko a ko'ina, ya je ya faɗa, kuma ya faɗa wa matar gidan.

Hajiya ta tashi ta ɗauko fartanya ta ajiye a gabana. Ta ce ita ba za ta iya cire shi da hannunta ba. Na tuɓe hula na shiga, na yi ta tumɓuka ina zubawa a buhu, bayana yana ƙara, ba wanda ya ce min sannu. Da na gama ta leƙo ta ce, "Asibiti kuma kai za ka kai mu. Wannan karon da bakinka za ka gaya wa likita."

Jiya muka je, bayan ta ba ni izinin rubuta wannan. Likitar ta dubi yara biyu masu ƙoshin lafiya suna wasa da labulen ofishinta, ta tambayi dalilin da ya sa muke son a auna su. Hajiya ta juyo ta dube ni. Na faɗi sunan kakansu da sana'arsa, na faɗi wurin da shekarun, na kuma ce ina zaune a wurin aka yi, ina kallo, kuma na san abin da nake kallo. Likitar ta rubuta, aka ɗebi jinin, Abba ya tsala ihu. An ce mu dawo mako mai zuwa.

Allah ya jiƙan Malam Tanimu, ya kai haske kabarinsa. Ni kuma ku taya ni roƙo, Allah ya sa ban makara sau biyu ba.